Yadda ake zaɓen kirfa, a daka ta a gida, a sarrafa ta a shayi da yaji da turaren wuta

Na daɗe ina haɗa kayan ƙamshi a nan Tawa, na gidana da na dangi, wani lokaci kuma na amare da masu jego, kuma a duk abin da ke shiga turmina babu wanda na ga ana yi wa amfani da ka kamar kirfa, wadda wasu ke kira girfa. Wata za ta sayi gari a ƙulle a leda ba ta san abin da aka niƙa a ciki ba, wata kuma ta riƙa zuba cokali biyu a ruwan zafi kullum safiya don kawai an ce mata yana maganin sukari. Sunan kirfa daga Larabci muka aro shi, asalin ma'anarsa ɓawo, kuma haka abin yake, domin ɓawon ciki ne na wani itace mai son ruwan sama da laima, wanda ba ya fitowa a ƙasarmu, sai dai a kawo mana shi daga waje, galibi daga nahiyar Asiya. Ga yadda nake bi da ita tun daga gaban mai kayan yaji har zuwa kaskon turare.

Kayan da za a tanada

Sandunan kirfa, gwargwadon abin da za a cinye a wata uku ko huɗu.
Ƙaramin turmi da taɓarya, na ƙarfe ya fi, wanda ba a taɓa daka barkono ko daddawa a ciki ba.
Rariya mai laushi, wadda muke kira teme.
Tsumma mai tsabta kuma busasshe, da wuƙa, da faifai ko tire.
Kaskon ƙarfe ko busasshiyar tukunya don ɗumama ɓawon.
Kwalabe biyu ko uku masu murfin da ke rufuwa gam.
Cokalin shayi guda ɗaya da za a keɓe don awo.
Don shayi da yaji: citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono, gishiri, da zuma idan akwai hali.
Don turaren wuta: itacen sandal da aka sassara, kajiji, sukari, madarar turare, kaskon turare da gawayi.

Idan babu turmin ƙarfe, na itace ma yana yi, amma a fara daka ɗanyar shinkafa ko gero a ciki a zubar, sau biyu, don ya janye warin abin da aka daka a baya.

1. A fara sanin wace kirfa ce a hannu

Kirfa iri biyu ce ke yawo a kasuwa, kuma wanda bai bambance su ba zai yi kuskure a awo. Ta farko tana zuwa daga tsibirin Siri Lanka da ke kudu da Indiya, wanda ake kira Silon kafin 1972, shi ya sa har yau ake ce mata kirfar Silon. A kanta ne Turawan Fotugal suka kafa kansu a tsibirin, mutanen Holan suka kore su a 1658, Ingila kuma ta karɓe a 1796. Ta biyu ita ce kasiya, wadda ake nomawa a Sin da Indunusiya da Biyetnam, kuma saboda arharta ita ce ta cika kasuwanni, har da namu.

A ɗauki sandar a dubi bakinta, wato inda aka yanke. Kirfar Silon ɓawo ne siriri kamar takarda, an naɗe shi falle-falle a cikin juna har tsakiyar ta cika, tamkar tabarmar da aka nannaɗe. Launinta ƙasa-ƙasa ne mai haske, kuma idan aka murza ta tsakanin yatsu sai ta marmashe. Kasiya kuwa ɓawo ɗaya ne mai kauri da ya lanƙwashe, tsakiyarsa rami, launinsa ya fi duhu da ja, kuma sai an sa ƙarfi yake karyewa. Wani lokaci ma ba a naɗe take zuwa ba, sai a ga gutsattsarin ɓawo da kaushin bayansa. A ɗanɗana ɗan guntu: ta Silon tana da zaƙi-zaƙi mai sanyi, kasiya tana cizon harshe.

Ba wai kasiya jabu ce ba. Ni kaina a nama da turare ita na fi so, domin ƙamshinta ya fi ƙarfi kuma ya fi jure wuta. Matsalarta wani sinadari ne da ake kira kumarin, wanda ke da yawa a cikinta, kaɗan ƙwarai a ta Silon, kuma zan koma kansa idan mun zo batun sha.

2. Saye

A Tawa na fi zuwa ranar Lahadi, ranar da kasuwa ke ci, domin a ranar ce ake samun damar zagaya masu kaya uku ko huɗu a gwada. A Yamai ana samu a Babbar Kasuwa da Wadata, ta Silon kuwa an fi dacewa da ita a manyan kantuna, inda ake rubuta Ceylan a jikin kwalin.

A nemi izini a karya guntu a shinshina wurin da ya karye. Idan ƙamshin ya bugi hanci nan take, kaya ne mai kyau. Idan sai an yi ta ja kafin a ji wani abu, ya tsufa ko rana ta cinye shi. A guji wadda aka baza a tire cikin rana tun safe, a ce wa mai kayan ya ɗebo ta cikin buhu. A duba kuma ko akwai ƙananan huji na ƙwari, ko farin fumfuna a cikin lanƙwasar.

Gari kuwa ba na sayensa, kuma ba na ba kowa shawarar ya saya. Da zarar an niƙa, ido ba zai gane ko Silon ce ko kasiya ba, ba zai kuma gane abin da aka cakuɗa don ƙara auki ko launi ba. A 2023 a Amurka an janye wani abincin yara na tuffa daga kasuwa bayan an gano dalma mai yawa a jinin yaran da suka ci, aka bi diddigi aka tarar daga garin kirfar da ke ciki take. Araha ba ta ado.

3. Tsabtacewa

Kada a jiƙa kirfa a ruwa da sunan wanki, domin ɓawon yana shan ruwa, kuma idan bai bushe har ciki ba fumfuna za ta kama shi a kwalba. A goge kowace sanda da busasshen tsumma, a kankare kaushin baya da wuƙa idan akwai, a bubbuga ta a tafin hannu don ƙurar ciki ta fita. Idan ƙurar ta yi yawa, irin ta hunturu, a ɗan dausaya tsumman a goge, sannan a baza a faifai a inuwa, inda iska ke ratsawa, na wuni ɗaya. Da damina a ba ta kwana biyu.

4. Daka

A nan ne masu koyo ke gajiya su bari, alhali dabara ce kawai. A naɗe sandunan a tsumma, a ɗora a dutse ko daɓe, a bubbuge su da taɓarya har su zama ƙanana kamar ƙwayar wake. Tsumman shi ke hana su tsalle, kuma na taɓa ganin guntun kasiya ya tashi daga turmi ya sami yarinya a gefen ido.

Sai a ɗora kaskon ƙarfe a wuta kaɗan, ba mai ba ruwa, a zuba gutsattsarin a yi ta juyawa kamar minti biyu. Da an ji ƙamshi ya tashi a sauke, kada a jira launi ya sauya. Wannan ɗumamawar tana fitar da sauran laima, ta sa ɓawon ya yi ƙaras ya daku da sauƙi, amma idan aka bari ya soyu zai yi ɗaci, kuma ɗacin ba ya gyaruwa. A bar shi ya huce sarai kafin a zuba a turmi, in ba haka ba zai dunƙule.

A daka kaɗan-kaɗan, cikin tafin hannu ɗaya a kowane zubi, a tankaɗe, a mai da abin da ya rage a turmi, a sake. Bayan zagaye na uku za a ga wani tsaki ya ƙi dakuwa. Kada a zubar da shi, kada kuma a wahala a kansa: a ware masa kwalbarsa, domin shi ya fi dacewa da shayi da turare. Idan garin na kayan zaƙi ne, ana iya sa rabin cokalin sukari a turmin, yana taimakawa wajen gurza ɓawon. A rufe hanci da gefen mayafi lokacin tankaɗe, saboda ƙurar tana sa tari.

Mai injin markaɗe na lantarki ta kula, kasiyar da ba a farfasa ba tana karya wuƙar injin. Batun kai wa injin unguwa kuwa, sau ɗaya na yi na tuba. Na aika yaro da kirfa mai yawa ta bikin ƙanwata, ashe barkono aka gama niƙawa, aka dawo mini da gari mai kyan gani wanda ba ya shiga shayi ba ya shiga turare, sai a yaji na ƙarar da shi. Idan dole sai an kai, a tafi da tiya ɗaya ta gero a fara niƙa shi don ya wanke injin.

5. Ajiya

A zuba a busasshiyar kwalba, a rufe gam, a ajiye a inda babu rana kuma nesa da murhu. Ƙamshin kirfa a cikin wani mai yake wanda zafi ke sa ya tashi, kuma a zafin bazarar nan tamu na lura gari ba ya wuce wata huɗu da ƙarfinsa, alhali sanda tana shekara biyu ba ta yi komai ba. Saboda haka a daka kaɗan, a bar sauran a sanda. Ba na sa ta a firigo, domin duk lokacin da aka ɗauke wuta kwalbar tana yin gumi ta ciki.

6. Shayin kirfa, da iyakar da ba a wucewa

A ɗauki sanda mai tsawon ɗan yatsa, ko cokalin shayi ɗaya na tsaki, a sa a rabin lita na ruwa tun yana da sanyi, tare da guntun citta da aka ƙwanƙwasa da kanumfari uku. Idan ya tafasa a rage wuta, a rufe, a bar shi minti goma, sannan a sauke ya tsaya minti biyar kafin a tace. Wannan ya ishi mutum biyu ko uku. Sandar tana iya sake dahuwa sau ɗaya idan an shanya ta.

Kuskuren da na fi gani shi ne tafasa gari. Garin kirfa ba ya narkewa, kuma idan ya daɗe a ruwan zafi sai ya yi yauƙi kamar an kaɗa kuɓewa, ya kwanta a gindin kofi. Idan gari kaɗai ke akwai, a ƙulle shi a ɗan farin ƙyalle a jefa, a cire bayan minti biyar. Zuma kuwa sai shayin ya ɗan huce ake sa ta, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko kaɗan. Masu dafa shayin nan na zubi uku su sa guntun kirfa a zubi na biyu, domin ɗacin na farko yana danne ƙamshinta.

Mutane na shan wannan shayin don mura, da kumburin ciki bayan cin abinci mai nauyi, da ciwon mara lokacin al'ada, kuma ɗuminsa yana sa a ji daɗin jiki, musamman da sanyin hunturu. Amma ga inda awo ke da muhimmanci. Kumarin da na ambata yana iya taɓa hanta idan ana shan sa da yawa a kai a kai. A 2004 hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyaka: miligiram 0.1 na kumarin a kowane kilo na nauyin jiki a rana. Hukumar Jamus mai auna irin wannan haɗari ta lissafa cewa mai nauyin kilo 60 yana kaiwa iyakar da giram 2 na kasiya a rana, yaro mai kilo 15 kuwa da rabin giram. Cokalin shayi ɗaya na gari, a shafe, ya ɗan haura giram 2. Ke nan mai zuba cokali biyu kullum safiya ta ninka iyakar fiye da sau biyu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan gara a bar ido a riƙe cokali. Dokar gidana ita ce babba kada ya wuce rabin cokali na kasiya a rana, kuma ba kullum ba. Wanda ke son sha kowace rana ya nemi ta Silon.

Game da ciwon sukari, an yi bincike da dama, wasu sun nuna sukarin jini ya ɗan sauka, wasu ba su ga wani bambanci ba, kuma babu wanda ya nuna kirfa tana maye gurbin ƙwaya ko allura. Mai wannan ciwo kada ya ajiye maganinsa saboda ita, kuma ya sanar da likitansa idan yana sha, domin haɗa su na iya sa sukarin ya faɗi ƙasa. Mai ciwon hanta ko ciwon shawara, da mai shan maganin tsinka jini, su ma su bari sai sun tambaya a gidan likita. Mai juna biyu ta tsaya a ɗan abin da ke shiga abinci, ta bar shan ta a matsayin magani. Kada kuma kowa ya afa busasshen gari a baki, domin yana shaƙe mutum ya shiga huhu. Ga ƴan'uwana mata kuma, tunda ana sa ta a wasu haɗe-haɗen gyaran jiki: man kirfa da garinta suna ƙona fata mai laushi, don haka ba a shafa su ba a cusa su.

7. A tukunya da yaji

A shinkafa da mai ko farfesun rago, sanda ake sawa. A jefa guntu ɗaya a mai tare da albasa tun farkon suya, ya ba man ƙamshi, a bar shi ya dahu da abincin, a tsame kafin a zuba. Albasar Galmi da kirfa suna jituwa ƙwarai a nama. A fanke, kunun gyaɗa ko madara kuwa gari ake barbaɗawa a ƙarshe, kwatankwacin abin da yatsu uku suka ɗauka.

Yajin da nake yi wa masu jego da masu shan romo ga awonsa: citta cokali huɗu, masoro ɗaya, kimba ɗaya, kanumfari ɗaya, kirfa rabi, barkono da gishiri gwargwadon bakin mai ci. Kowanne a daka shi daban a tankaɗe, sannan a haɗa a sake kirɓawa sau ɗaya don su kama juna. Kirfa a yaji ba ta son a ji ta a gaba, kuma idan mai ci ya ce wannan yajin na kirfa ne, to ta yi yawa. A ƙara citta da ɗan ƙuli-ƙuli a gyara.

8. Turaren wuta

Shigar kirfa cikin hidimar ibada da al'ada ba sabon abu ba ne. Mutanen tsohuwar Masar sun sa ta a kayan gyaran gawa, kuma Attaura ta ambace ta tare da mur da man zaitun a cikin man keɓewa. Mu a nan hanyarta ita ce turaren wuta, wanda ake turara ɗakin amarya da shi, da kayan mai jego ranar suna, da tufafin Juma'a da na salla. Gwaggota da ta koya mini takan ce sandal shi ne jikin turare, kirfa kuma ita ke ba shi ɗumi.

A auna sandal kofi biyu, tsakin kirfa rubu'in kofi, kajijin da aka farfasa rubu'in kofi, kanumfari cokali ɗaya. Tsaki ake so, domin gari yana ƙonewa nan da nan ya ba da ƙauri. Idan babu sandal, a ƙara kajiji ya zama shi ne gindin haɗin, ko da yake ƙamshin ba zai kai wancan daɗewa ba.

A zuba sukari kofi ɗaya da ruwa rabin kofi a tukunyar da ba ta girki ba, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa. Ana gane ya yi ne idan aka ɗiga kaɗan a faranti, aka bari ya ɗan huce, aka taɓa da yatsu biyu sai ya yi danƙo yana jan zare. A lokacin a juye itatuwan a yi ta gaurayawa har kowane guntu ya yi ƙyalli, kamar minti uku, a sauke. Kada a bar sukarin ya yi baƙi. Na taɓa juya baya na amsa sallama, kafin in dawo ya ƙone, kuma turaren gaba ɗaya warin ƙonannen alewa ya riƙa yi, dole na sake sabo ana saura kwana goma biki.

A janye tukunyar nesa da murhu, a bari ta huce zuwa ɗumi-ɗumi, sannan a zuba madarar turare cokali uku ko huɗu na cin abinci a gauraya. Ba a zuba turare a kan wuta, musamman na fesawa, domin yana kamawa da wuta nan take, zafin kuma yana kore ƙamshinsa. A ɗura a kwalba a rufe, a ajiye a wuri mai duhu aƙalla mako biyu ana girgizawa bayan kwana bibbiyu. Na amarya nakan ba shi kwana arba'in.

Wajen turarawa, a hura gawayi a waje har ya zama jan garwashi babu hayaƙi, a ɗauki biyu ko uku a kasko, a yayyafa musu toka sama-sama, sannan a ɗora turaren kamar girman ƙwayar dabino. Tokar ita ke rage zafin don ya riƙa tashi a hankali. Idan tufafi ne, a kifa babban kwando a kan kaskon a shimfiɗa su a sama, a tsaya a wurin har a gama, a ninke su da ɗuminsu a sa a akwati. A ɗaki kuwa a bar taga a buɗe, a fitar da jariri da mai ciwon asma har hayaƙin ya lafa, kuma kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki ko da sanyi ya kai yaya, domin gawayi yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari. Da an gama a fita da kaskon tsakar gida a kashe shi da yashi.